Takardar NIN ɗin da na tsinta a ƙunshin ƙosai

Wata Asabar da safe na aiki ƙanina bakin tasha ya sayo mana ƙosai, ya dawo da shi a ƙunshe cikin takarda kamar kullum, sai da muka kusa cinyewa na lura ashe takardar nan fotokwafin NIN ne na wata baiwar Allah. Ga hotonta da hijabi duk mai ya jiƙa shi, ga cikakken sunanta, ga lambobin nan goma sha ɗaya reras, ga unguwarsu, can ƙasa kuma an rubuta lambar waya da biro. Na tashi na je wajen mai ƙosan nace Gwaggo a ina kike samo takardun nan? Tace ɗan nan a kasuwa nake saye, aunawa ake ana sayar mana. Ta ɗaga dutsen da ta danne sauran da shi, wallahi kusan rabinsu irin wannan ne, fom-fom na neman tallafi, wasu har da lambar asusu da BVN. Ita Gwaggo ba ta da laifi ko na sisin kwabo, takardar ƙunshi ta saya da kuɗinta. Amma dai wani ofis ne ko wani kwamiti ya bi mutane ya karɓa, aka gama abin da za a yi ko ma ba a yi komai ba, aka tattara aka kai wa masu sayen tsofaffin takardu.

Ni sana'ata caji da POS a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, don kullum sirrin mutane ta hannuna yake bi. Kafin canjin kuɗin nan na farkon 2023 mutanenmu da yawa ba ruwansu da banki, a sayar da riɗi ko ɗan akuya a Gujungu a ƙulle kuɗi a lalita a dawo gida. Da takardar kuɗi ta ɓace dole ta sa kowa ya buɗe asusu, tsoho da tsohuwa, mai karatu da wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Akwai wata tsohuwa da take zuwa wajena duk ƙarshen wata idan ɗanta ya turo mata daga Legas, katin ATM ɗinta a naɗe cikin leda, an ɗaure da kyauron roba, a jikinsa an manna 'yar takarda an rubuta fin ɗin. Sai ta miƙo min duka tace ungo ɗan nan ciro min dubu biyar. Na sha ce mata Inna wannan lambar ba a nuna wa kowa, ko ni bai kamata na gani ba, sai tace to in ban nuna maka ba wa zai danna min? Kuma gaskiyarta. Duk wanda ya tsara wannan abu ya tsara shi ne yana hango mutumin da zai karanta allo ya danna da kansa, Inna kuwa dole sai ta bi ta hannun wani.

Toh akwai doka, kar wani yace babu. Tun cikin kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 37 ya ce sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya abin karewa ne. A Janairun 2019 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, lokacin Sheikh Isa Ali Pantami ne shugabanta kafin ya zama minista Kashifu Inuwa Abdullahi ɗan Haɗeja ya gaje shi. Sai a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar doka wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, Dakta Vincent Olatunji ke riƙe da ita. Kuma in ka ji abin da ke ciki za ka ce madalla. Ba a karɓar bayaninka sai da dalilin da doka ta yarda da shi, ba a karɓar fiye da abin da ake buƙata, abin da aka karɓa don wani aiki ba a juya shi zuwa wani aikin daban, in an gama ba a ci gaba da ajiyewa barkatai, kana da ikon tambayar me aka ajiye a kanka, a gyara in da kuskure, a goge, ko ka janye yardarka. In aka yi kutse ko bayanai suka zube dole a sanar da hukuma cikin awa 72. Manyan kamfanoni tararsu tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suka samu a shekara, duk wanda ya fi yawa, ƙanana kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Har ma ta ce yin shiru ba yarda ba ne, kuma wanda ya karɓi bayanin shi ne zai kawo hujjar cewa an yarda masa.

Ba mu kaɗai ba ne, guguwa ce ta taso ko'ina. Ghana tun 2012 take da tata, Afirka ta Kudu 2013, Birazil 2018, Kenya 2019, Indiya a 2023 wata biyu bayan tamu. Yawancin na baya-bayan nan kuwa in ka duba za ka ga kamannin dokar Tarayyar Turai ce da ta fara aiki a Mayun 2018, don duk ƙasar da take so kamfanonin waje su yi hulɗa da ita sai ta nuna tana da irin wannan. Mu a nan har da ƙarin dalili, kuɗin da Bankin Duniya da abokansa na Faransa da Turai suka ware na aikin rijistar NIN, dala miliyan 430, yin wannan dokar yana cikin sharuɗɗan sakinsu. Ni ban ga aibu don an kwaikwayi abu mai kyau ba. Inda nake da magana shi ne rigar an ɗinka ta ne da awon wani, wanda ya yi boko, yake da wayarsa shi kaɗai, yake da imel, kuma yake da ƙoshin da zai iya cewa a'a.

Nan ne gizo yake saƙar, maganar yarda. A wajenmu kowa ya san mece ce yarda, ko auren budurwa ake sai an nemi jin ta bakinta, ko gona za ka ba da jingina sai an kira shaidu an faɗa da baki kowa ya ji. Amma yardar da ake karɓa a waya fa? Rubutu ne dogo da Turanci, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero, ƙasansa ɗan akwati, kuma ba mai asusun ne yake dannawa ba ma, yaron da ke buɗe masa ne yake dannawa ya wuce. Ni kaina na danna wa mutane ba adadi, kuma da na fara gane nauyin abin sai da jikina ya yi sanyi. Kamfani yana can ya rubuta a kwamfutarsa cewa Malam wane ya karanta ya amince, Malam wane kuwa yana kan benci yana jiran a ce masa an gama ya tafi gona.

Wannan ma mai sauƙi ne akan ta tallafi. Duk damina sai an zo, wani da jaka wani da littafin makaranta mai layi-layi, a zauna ƙofar gidan wani babba ace ana rubuta sunaye za a ba da taki, ko jari na mata, ko kuɗin rage raɗaɗi, kowa ya kawo NIN da BVN da lambar asusu da hoto biyu. Za ka ga mata sun yi layi cikin rana da goyo tun hantsi har la'asar. Wa zai tsaya ya tambayi daga wane ofis kuke, ina za ku kai, wa zai riƙe? In ka tambaya ma sai ace kai ɗan adawa ne ko kana yi wa mutane baƙin ciki, a tsallake gidanku. Mutumin da bai da buhun taki ga shuka ta fito, ko me ka ce ya kawo zai kawo. Ni a ganina wannan ba yarda ba ce, yunwa ce ta sa hannu, kuma duk dokar da za ta ɗauki wannan a matsayin yarda ta bar talaka a baya tun daga ƙofa.

Wasu za su ce to talaka me yake da shi da za a sata, asusun da ko dubu biyu babu? Na sha jin wannan a majalisa. Ba kuɗinka ake nema ba Malam, sunanka ake nema. Akwai wani kawuna manomi da layinsa ya daina kira lokacin da aka rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba, ya hau mota ya je birni gyarawa, aka duba aka ce masa akwai wasu layuka uku a kan NIN ɗinsa bayan nasa. Yace shi tunda yake layi ɗaya ya taɓa saya. Sai daga baya ya tuna ranar da ya yi rijista a ƙarƙashin wata lema ran kasuwa, yaron ya yi ta ce masa Baba bai ɗauka ba sake tsayawa, Baba sabis ne sake dangwalawa, har sau huɗu. Yanzu ka auna, in aka yi amfani da ɗaya cikin layukan nan aka kira wani aka nemi kuɗin fansa, ƙofar wa jami'an tsaro za su ƙwanƙwasa? Dattijon nan sati guda bai yi barcin kirki ba. Haka ake buɗe asusu da sunan mutum a wuce da kuɗin damfara ta ciki, haka ake cin bashi da sunansa, haka ake karɓe tallafin da aka rubuta shi a ciki shi yana gida yana cewa har yanzu bai fito ba. Kuma ba zancen ƙauye kaɗai ba ne, a 2024 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet mai suna Paradigm Initiative ta fito fili ta ce ta gano shafuka a intanet da ake sayen bayanan NIN na mutane a kan naira 100, kuɗin da ko ƙosan da na faɗa bai saya maka na kirki. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba, ta ja kunnen mutane su guji irin shafukan. To ko ta ina ya fita dai ya fita, kuma NIN ba riga ba ce da za ka cire ka sake wata, ita ce har kabari.

Ga kuma masu bashin waya, waɗannan kam sun zubar da mutuncin mutane da yawa. Wani yaron garinmu da ke karatu ya ci na dubu goma sha biyar a wata manhaja, ya makara da kwana kaɗan, sai ga saƙo ya shigo wayar kowa da ke cikin lambobinsa har limaminmu har mahaifin yarinyar da yake nema, da hotonsa, ana kiransa ɓarawo. Kuɗin an biya, amma har yau yaron nan ba ya son zama cikin mutane. A nan dole na yaba, an ɗan taɓuka, NITDA ta ci tarar wani kamfanin bashi naira miliyan 10 a 2021 saboda irin wannan, hukumar kare masu saye FCCPC ta kai samame ofisoshinsu a Legas a 2022, Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana irin manhajojin nan shiga lambobi da hotunan mutane. Abin ya ragu, wanda ke nuna in an so a yi ana iyawa.

Kuma an nuna ana iyawa a kan manya ma. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, masu Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 bayan binciken da suka yi tare da NDPC kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da ita a Afrilun 2025. Na ji daɗi da na ji, don ya nuna ba a raina mu kyauta. Amma fisabilillahi in na je na gaya wa kawuna mai layuka uku an ci tarar Meta, me ya ƙaru da shi? Shi wanda ya cuce shi yana ƙarƙashin lema, kuma lemar ta tashi. Hukumar NDPC tana Abuja, hanyar kai ƙara mafi sauƙi ita ce rubutu ta intanet, mu kuwa nan sai ka hau kan tudu kake samun sabis mai ƙarfi. Na tambayi mutane a shagona da gangan, malaman firamare da ma'aikatan asibiti har da 'yan mainin ɗin nan, masu neman kuɗin kirifto ta waya, da kullum suke ɗaga katin shaida suna ɗaukar fuskarsu suna tura wa kamfanonin da ba su san a wace ƙasa suke ba, da ƙyar na samu mutum biyu da suka taɓa jin sunan hukumar.

Maganar 'yan mainin ta tuna min da Kenya. A 2023 wani kamfani mai suna Worldcoin ya zo Nairobi yana ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane yana ba su kuɗin kirifto da ya kai kimanin shilin 7,000, mutane suka yi dafifi dubbai, gwamnati ta dakatar da abin a watan Agusta. Ba wanda aka tilasta, kowa da ƙafarsa ya je, amma duk da haka aka ce a tsaya, don an gane cewa mai buƙata in ka nuna masa kuɗi ba ya tsayawa tambaya. Abin da ya fi burge ni ma shi ne a 2021 babbar kotun Kenya ta taka wa gwamnatinsu da kanta birki kan katin shaidar ɗan ƙasa da suke kira Huduma Namba, saboda ba a yi nazarin haɗarin da ke tattare da bayanan mutane ba kafin a fara rabawa. Gwamnati fa. Indiya kuma, da suke da talakawa da ƙauyuka fiye da mu, sun sa a cikin dokarsu cewa mutum yana da ikon a nuna masa sanarwar neman yardarsa da Turanci ko da ɗaya daga harsuna 22 da tsarin mulkinsu ya lissafa. Wannan shi ne abin da nake so na gani a nan. Ko an fassara dokarmu da Hausa an ajiye a intanet bai kai ga Inna ba, abin da zai kai gare ta shi ne a wajabta wa banki da kamfanin waya da mai ba da bashi su yi bayanin da Hausa a daidai lokacin da ake karɓa, kuma da murya, minti ɗaya ya isa, ga abin da muke karɓa, ga abin da za mu yi da shi, ga wanda za mu ba, kin yarda? In suna iya kiranmu da Hausa su tallata mana waƙar kira da garaɓasar data, ba abin da zai hana su iya wannan.

Sannan a daina barin kamfani yana zame wuya yana cewa ai ejan ne ya yi ba mu ba. Kai ka ba shi na'ura, kai kake biyansa kamasho akan kowane kai da ya kawo, yawan rijista yawan kuɗinsa, to dole wani ya ce Baba bai ɗauka ba. Riba in ta zo taka ce, ɓarna ma ta zama taka. Mu kanmu masu POS ya kamata a tara mu a koya mana, a kuma kama wanda ya ci amana, don akwai masu ɗaukar hoton katin mutane gaba da baya, mun sani, kuma suna ɓata mana suna gaba ɗaya. Ni dai yanzu na sa wa kaina doka, rasit ɗin da aka bari ƙonawa nake duk dare, mai iya dannawa na juya masa na'ura na kau da kai, wanda bai iya ba nace ya riƙa zuwa da ɗansa ko jikansa guda ɗaya da ya yarda da shi.

Babban mai karɓa kuwa ba kamfani ba ne, gwamnati ce da 'yan siyasa. NIN, BVN, katin zaɓe, rijistar manoma, rijistar talakawa, rijistar ɗalibai, kowanne da nasa fom. Ban ce a daina ba, na san amfanin abin, na ga yadda BVN ya tona ma'aikatan bogi, kuma na fi son tallafi ya faɗo asusun mace kai tsaye akan ya bi ta hannun wani ya yanke rabi. Amma duk wanda zai shigo gari karɓar bayanai, ko daga ina yake, ya fara zuwa gaban dagaci da takardar da ta nuna ofishin da ya turo shi da sunan jami'in da zai amsa tambaya in abu ya ɓaci, a karanta a masallaci kowa ya ji, ya kuma faɗi ranar da za a ƙona kwafin. Dagatai da masu unguwanni da limamai su suka tsaya aka yi rigakafin shan inna har aka ga bayanta, wannan ma za su iya in an sa su a ciki. A sa tebur ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko lambar waya kyauta da mai jin Hausa zai ɗauka, a riƙa faɗa a rediyo bayan labaran yamma lokacin da kowa ya kunna. Kuma ina jiran ranar da zan ji an ci tarar wani ofishin gwamnati, an faɗi sunansa, saboda an tsinci fom ɗin mutane a wajen mai ƙosai, don mu a addininmu da al'adarmu abin da aka ba ka ajiya amana ne, kuma wanda ko ɗakin wani ba ya shiga sai da sallama bai kamata a koya masa wannan daga Turai ba.

Takardun wajen Gwaggo na saye su duka a ranar, na ba ta tsofaffin littattafan ƙannena a madadinsu, na kai bayan shago na cinna musu ashana. Ta matar nan kaɗai na rage, da yamma na kira lambar da ke jiki don na gaya musu su yi hattara. Mijinta ne ya ɗauka, muka gaisa, nace Malam na tsinci takardar NIN ta iyalinka ne a wuri kaza. Ya ɗan yi shiru, yace eh shekara biyu kenan da suka cike wani fom na jarin mata, har kuɗin fotokwafi da na hoto sai da ya ranta. Sai naji muryarsa ta canza, yace Allah sarki, ko sunan nata ne ya fito? Tsaya na kira ta ta karanto maka BVN ɗin.